Kunyar 'Yar Fari a Gindin Dutse

Cikin duk ranakun da Allah ya nufe ni da gani a ƙasar nan, akwai wata Asabar ta watan Yuli da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran. Yau shekara tara ke nan. Ni ba mai yawan magana ba ne, ban kuma yi dogon karatu ba, amma ina son abu ya tafi bi da bi, saboda haka zan fara daga inda ya kamata a fara.

Sana'ata igiya ce. A gida na yi shekara bakwai ina hawa turakun sadarwa. Da na biyo matata Manchester, inda ta zo karatun digiri na uku, sai na sami aiki tare da masu saukowa ta jikin dogayen gine-gine da igiya suna gyara da wanke gilasai. Ita kuma a jami'a ta koyi hawan bango tare da ƙawayenta, daga nan ta fara ja na zuwa duwatsu na gaske. Da farko na ce mata ba zan yi a ranar hutu abin da nake yi a ranar aiki ba. Ta yi dariya, ta ce to in zo in riƙe mata igiya kawai. Haka muka yi shekara uku. Duk lokacin zafi, in rana ta fito, sai mu bar gidanmu da ke Withington da sassafe mu nufi tuddai. Wani lokaci mu bi kwazazzabo muna hawa da hannu da ƙafa har mu kai ƙololuwa, wani lokaci kuma mu tsaya a gindin dutse guda ta yi ta hawa.

Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba. Ana ratsa igiya ta cikin ƙarfe a saman dutse. Bakinta ɗaya yana ɗaure a ƙugun mai hawa, ɗayan yana hannun wanda ke tsaye a ƙasa. Tana hawa, shi yana janye rarar igiyar. In ta zame, igiya za ta riƙe ta, muddin na ƙasa bai saki ba. Dokar guda ce, hannu ba ya barin igiya, ko me ya faru. A shekara ukun nan ban taɓa karya ta ba, matata kuma ba ta taɓa waiwayowa ta duba ko ina riƙe ba.

Sai Allah ya ba mu haihuwa, mace, a watan Fabrairu. Aka sa mata sunan mahaifiyata.

A nan sai in faɗi irin gidan da na fito. Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Mahaliccinsa. “Yaron nan” yake cewa. Ban taɓa zama a cinyarsa ba, a ɗakin kakata na tashi, goggonina suka goya ni. Ban kuma taɓa shakkar yana ƙaunata ba, domin kowa a unguwarmu ya san kunyar ɗan fari, kuma ana yaba wa mai yinta. Da wannan na girma, da shi na hau jirgi. Da aka miƙo mini 'yata a asibiti, na karɓa, na yi mata huɗuba, na mayar. Daga ranar na kama kaina kamar yadda na ga an yi. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yi mata wasa, sunanta kuwa sunan uwata ne, balle ya fito daga bakina. In zan tambaya sai in ce, “Ta yi barci?”

Surukata, wadda muke kira Hajiya, ta zo daga Kano don wankan jego, ta yi kusan wata shida. Yawancin lokacin tana wurinmu, wani sa'i kuma ta je Birmingham gidan babban ɗanta, likita, a Sparkhill. Zuwanta ya ninka mini kunyar. Flat ɗinmu ɗaki biyu ne da falo, ba zaure, ba tsakar gida, amma na san yadda na yi na riƙa kewaya ta. In tana falo ina kicin. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son wani abu sai ta dubi jaririyar ta ce, “Ƙawata, ki gaya wa babanki gero ya ƙare.”

Matata kuwa, bayan arba'in sai ta fara yin shiru. Mace ce da a da in ta fara labari sai shayi ya huce, amma ta koma zama bakin taga da yarinya a ƙirji, ba ta sauke ta ko wanka za ta shiga sai Hajiya ta yi da gaske. Wata rana ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen masu jego ta zo. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji ta tambaye ta ko uban yarinyar yana ɗaukarta. Matata ta ce, “Yana da aiki da yawa.” Ni a wautata na ɗauka yabo ne. Likitan unguwarmu ya ce ta riƙa fita tana shan iska, ta koma ga abin da take jin daɗinsa a da. Ba ta fita ba. Sau ɗaya kawai ta buɗe mini cikinta, muna ninke kayan wanki. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in Hajiya ta koma gida ita kaɗai ta rage wa yarinyar nan. Na ce mata ai ga ni. Ta ci gaba da ninki.

Akwai abin da ba ta sani ba, kuma ni na hana ta sani. Kullum ƙarfe shida na safe, kafin in fita aiki, nakan shimfiɗa kayan igiyata a teburin kicin in duba su ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin matata ta samu barci bayan shayarwa, yarinya kuma ta buɗe ido tana mutsu-mutsu. Sai in lallaɓa in ɗauko ta, in rufe ƙofar kicin, in ɗora ta a kafaɗa. Ban iya waƙar reno ba, ba wanda ya taɓa koya mini. Abin da na iya shi ne lissafin kayan aiki, shi nake rera mata a hankali ina taɓa kowanne: ɗaya, ɗamara, biyu, ƙulli, uku, ƙugiya, huɗu, hular kwano. Ina kiranta Mamana. Kafin in kai uku ta yi luf. Ƙarfe shida da minti ashirin in mayar da ita gadonta, in gyara bargon yadda na same shi, in fita kamar ɓarawo. A ganina na haɗa biyu, na ba zuciyata haƙƙinta, na kuma tsare mutuncina.

Saura mako guda Hajiya ta tafi, muna cin tuwo, ta ɗaga yarinyar ta ce, “Ƙawata, ki gaya wa babanki ya kai uwarki wajen duwatsun nan nata kafin in tafi. Ni ma zan je in ga abin da ke raba mutum da hankalinsa.” Na yi mamaki, domin ita ce mai cewa mace mai ɗanyen jiki ko tsani ba ta hawa. Matata ta ce ba ta so. Hajiya ta ce ba tambayarta aka yi ba.

Na shirya komai tun ranar Juma'a. Na zaɓi wani dutse mai sauƙi a tuddan da ke kudu maso gabas da Manchester, wanda tsayinsa bai wuce bene mai hawa uku ba, kuma tafiyar minti goma ce daga inda ake ajiye mota, saboda gwiwar Hajiya. Muka tsara cewa daga can za mu wuce da ita Birmingham. Ranar ta fito tas, iska tana kaɗawa kaɗan-kaɗan, tumaki sun bazu cikin ciyawa. Hajiya ta ce waɗannan tumaki ba su da mai su ne, ko kuwa ƙasar ce ba ɓarayi? Na shimfiɗa mata darduma a kan wani faffaɗan fa, nesa da gindin dutsen yadda ko tsakuwa ta faɗo ba za ta kai gare su ba. Ta zauna da filas ɗin kunu da dambun nama, yarinya tana barci a cinyarta. Na zagaya ta baya na hau, na ɗaura igiya, na duba sau biyu, na sauko.

Matata ta sa doguwar rigarta ta hawa da wando, ta ɗora hular kwano a kan ɗankwali. Ɗamarar ta ɗan matse ta, na sassauta mata. Na duba ƙullinta, ta duba nawa, kamar yadda muka saba. Ta waiwaya wajen dardumar sau uku kafin ta taɓa dutsen.

Amma da ta fara, sai jikin ya tuna. Na ga ƙafarta tana neman gurbi da kanta, yatsunta suna shiga tsaga ba tare da lalube ba. Ta wuce rabi. Har na ji ta yi wata 'yar dariya da na yi wata biyar ban ji ba. Saura kamar tsayin mutum biyu ta kai sama, a daidai inda dutsen ya ɗan turo ciki, sai yarinya ta farka.

Ba kukan yunwa ba ne, an shayar da ita a mota. Kukan wanda ya buɗe ido ya ga sarari ba bango ne. Hajiya ta jijjiga ta, ta ɗora ta a kafaɗa, ta miƙe tsaye ta goya ta, duk a banza. Kukan yana dukan dutsen yana dawowa. Na ɗaga kai na ga matata ta tsaya cak, ta manne da dutse. Ta ce in sauke ta. Na ce to, ta saki dutsen ta zauna a kan igiya kamar kullum, zan zuro ta a hankali. Ba ta saki ba. Sai ma ta fara laluben gurbi da ƙafa a ƙasa, tana son ta sauko da kanta, wanda ya fi komai haɗari a wurin, domin ta ratse gefe, in ta zame igiya za ta yi lilo da ita ta buga ta da dutse. Na yi mata magana da muryar da nake yi wa sababbin ma'aikata. Na ce ta daina, ta saki hannu, ina riƙe da ita.

Sai ta ce, yadda kowa ya ji, “Malam, ba zan iya saki ba. In wani abu ya same ni, wa zai riƙe ta?”

Na sha jin maganganu masu zafi a rayuwata, daga shugabannin aiki da waɗanda ba su kai ba. Babu wadda ta taɓa shiga jikina kamar wannan. Matar da ta yi shekara uku tana jingina ranta a hannuna ba ta waiwaya ba, yau ta kasa, ba don tana shakkar igiya ba. Ta dube ni wata biyar, ta ga mutumin da ba ya taɓa 'yarsa, ta yanke hukunci da abin da idonta ya gani. Kuma ba ta yi zalunci ba, abin da na nuna mata ke nan.

Hannuwana biyu suna kan igiya, ba halin saki. Idona yana sama, ba halin juyawa. Abin da ya rage mini baki ne kawai, ga kuma surukata a bayana. Ba zan ɓoye ba, na yi daƙiƙa kamar biyar ina kokawa da kunya, har a wannan hali. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa Hajiya magana kai tsaye. Na ce, “Hajiya, don Allah ki matso da ita bayana, ki tsaya daidai dutsen can mai gansakuka, kada ki wuce shi.” Na ji takunta cikin ciyawa, kukan yana matsowa.

Na ɗaga murya na ce, “Mamana. Mamana, ni ne.” Sai na fara rerawa, da muryata mai kama da ta tsohon injin niƙa, a gaban surukata da tumaki da wasu Turawa biyu da ke naɗe igiyarsu a gefe: ɗaya, ɗamara, biyu, ƙulli. Kukan ya sauka ya koma shessheƙa. Uku, ƙugiya. Ta yi shiru. Na kai huɗu, na koma ɗaya, na sake zagayowa, zufa tana bin bayana. A zagaye na uku na ji 'yar muryarta tana gwalan-gwalan, yadda take amsa mini a kicin.

Idona yana kan matata. Na ga ta jingina goshin hularta da dutse, kafaɗunta suna motsi. Can sai na ga yatsun hannun dama sun buɗe, sannan na hagu. Nauyinta ya sauko kan igiya, ya ja ni gaba kaɗan, na dafe. Wallahi ban taɓa jin daɗin nauyi irin na ranar ba. Ta zauna a sarari tana share fuska da hannun riga. Na tambaye ta in zuro ta? Ta dubi ƙasa wajen 'yarta, ta dubi sama. Ta ce in ja igiya, in kuma ci gaba da lissafin. Ta koma kan dutsen, ta wuce wurin da ya turo, ta taɓa ƙarfen sama da tafin hannu. Sannan na zuro ta.

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa, kafin ta kwance ƙulli, tambaya ɗaya ta yi mini: tun yaushe? Na ce tun kwana tara da haihuwa. Ta ce kullum? Na ce ban da ranar da aka tura mu aiki Leeds. Ta kai mini duka a ƙirji da bayan hannu, ba da ƙarfi ba, tana kuka tana dariya, ta ce ashe wata biyar tana zargin kanta da mantuwa, domin kullum sai ta tarar da bargon a ninke da kusurwa huɗu daidai, ita kuwa ba ta iya wannan ninkin ba.

Na cire ɗamara na naɗe igiya, ina ta jinkiri don kada in haɗa ido da Hajiya. Ita ce ta tako har inda nake. Ta kwance goyon, ta miƙo mini yarinyar, fuskarta a gefe, ta ce, “Karɓi uwarka. Ni ta ƙi ni.” Na karɓa. Karo na farko ke nan, tun ranar asibiti, da na riƙe 'yata da rana tsaka, idon mutane a kaina. Ta kama gemuna ta ja.

Muka zauna a kan dardumar muka sha kunu. Hajiya ta ce ita ta daɗe da sani, bangon gidajen ƙasar nan ai kwali ne, kullum tana lazimi tana jin ɗaya ɗamara, biyu ƙulli, har ta haddace. Matata ta ce, “Haba Hajiya, kika kuma yi shiru?” Ta ce to ta yaya za ta tona asirin suruki? Ita ma kunyar ce ta ɗaure mata baki, tana kallon 'yarta tana ramewa. Ta murza carbi, sannan ta ce, wannan karon ni take kallo, “Malam, a gida in uba ya janye hannu, hannu goma ne ke miƙowa. Nan kuwa na duba, hannu huɗu ne kawai a gidanku. In ka janye biyu, ka lissafa da kanka, tunda kai mai lissafi ne.”

Da za mu koma mota, hanyar tana da 'yan duwatsu da sai an dafa, matata kuma hannuwanta sun mutu. Hajiya ta ce in duƙa. Ta ɗora mini yarinyar a baya, ta ja zani ta ɗaure a ƙirjina, ta kawo majanyi ta ƙara. Na ce a ba ni minti ɗaya in duba ƙullin. Ta ce ƙullin nan ya riƙe 'ya'ya bakwai kafin a san da ni, in wuce mu tafi. Duk da haka na duba. Ƙulli ne mai kyau.

Muka isa Sparkhill bayan la'asar, Stratford Road ta cika da motoci da ƙamshin gasasshen nama. Na yi fakin, na zagaya na ciro yarinyar daga kujerarta da kaina. A bakin ƙofa na ji tsohuwar ɗabi'ar tana cewa in miƙa wa uwarta kafin a buɗe. Ban miƙa ba. Yayan matata ya buɗe, ya dube ni, ya dubi abin da ke kafaɗata, ya ce lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Na ce masa ya matsa, Mamana tana son shiga.

Hajiya ta koma Kano ranar Alhamis. Ba zan ce matata ta warke a rana ɗaya ba, ta ɗauki watanni, da taimakon likita da addu'a. Amma daga wannan mako ta fara miƙo mini yarinyar ta shiga wanka ba ta bar ƙofa a buɗe ba. Kafin sanyi ya shigo mun koma duwatsu sau huɗu, muna karɓa-karɓa da wasu ma'aurata masu jariri, biyu suna hawa, biyu suna reno.

Har gobe ban raina kunyar da aka tarbiyyantar da ni a kanta ba. Mahaifina bai yi laifi ba, ya yi ta a gidan da ya cika da mutane, inda kowa ya san fassararta. Laifina shi ne na ɗauko ta na kawo ɗaki biyu da falo, inda ba mai fassarawa, na bar matata tana karanta shiruna ita kaɗai. Abin da na koya a gindin dutsen nan shi ne, bai isa ka riƙe mutum ba, sai ya san kana riƙe da shi. Ƙaunar da ka ɓoye, komai yawanta, wanda yake rataye a sama ba zai iya sakin hannu ya jingina da ita ba.